Safar da Ban Wanke Ba

Workum, Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Douwe, mijina, sanyin idona, abokin hirata tun muna 'yan shekara goma sha tara, mai taurin kan da babu irinsa daga nan har bakin teku. Ya kai wanda takunsa a tsakuwar ƙofar gida ya fi mini kowace waƙa daɗi, a dā da yake taku biyu iri ɗaya, da yanzu da ɗaya ya fi ɗaya nauyi! Ya hasken da ke faɗowa kan ruwa bayan mako guda na hazo, ya ɗumin ɗakina, ya ciwon kaina da maganinsa!

Ina gaishe ka da gaisuwar da ta yi wata takwas tana taruwa a bakina ba ta sami hanyar fita ba. Ina fata kafaɗunka sun saki bayan aikin da suka sha shekaranjiya. Ka ga halin nawa ko? Saura kaɗan in rubuta in tambaye ka ko ka shafa musu man zafi, har na fara harafin farko, sai na ɗaga alƙalamin. Kafaɗunka ne, ka san inda man yake.

Wasiƙar godiya ce wannan, masoyina, ba ta kuka ba, ko da ka ga tawada ta ɗan baje a wani wuri. Ban manta da jibi Talata ba. Ƙarfe goma da rabi, lauyar nan ta Leeuwarden za ta jira mu da takardun rabuwa, ga shi nan a rubuce a kalandar kicin da hannuna, na kuma san yana rubuce a littafinka da hannunka. Shekara ashirin da biyu na aure za su zauna a kan teburin matar da ba ta taɓa ganinmu muna dariya ba. Ina sane da haka a kowane numfashi. Amma kafin Talata akwai abin da ka yi mini ran Juma'a a bakin tafkin iyo, kuma idan ban gode maka ba, zai tsaya mini a wuya har ƙarshen rayuwata.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ba don son alheri na shiga aikin sa-kai a gasar nan ba. A kasuwar Juma'a na haɗu da ƙanwarka Wietske wajen mai kifi, ta ce mini an zaɓe ka cikin masu iyo da za su wakilci ƙasa a gasar sojojin da suka ji rauni, wadda ƙasashe da dama za su zo. Ta faɗa tana murna. Ban ma jira a naɗe mini kifin ba. A ranar na cike takardar neman aikin, da sunan gidanmu, Renske Algra, don kada wani ya haɗa ni da kai. Inda aka tambayi dalili na rubuta wai ina ƙaunar wasanni tun ina ƙarama, ni da ko ƙwallon yaran maƙwabta ta faɗo lambu ba na iya mayar musu da ita ta kan shinge. Gaskiyar magana, tunanina ɗaya ne: tayil ɗin bakin tafki santsi gare shi, wa zai duba maka? Wa zai tabbatar dungun ƙafarka ya bushe sosai kafin ka mayar da ƙafar roba? Na tafi ne in yi gadinka daga nesa.

Ka san ni, ai. Tun ranar da aka dawo mini da kai, ƙafar hagu ta ƙare a ƙasan gwiwa, na ɗaura ɗamarar da ban sake kwancewa ba. Shekara shida ina riga ka zuwa ga komai. Kafin ka miƙa hannu ga ƙofa na buɗe, kafin ka cire safa ta shiga injin wanki, kafin ka ce uffan a gaban likita na ba da amsa. Keken hawanka na kai shi ɗakin ajiya na rufe da bargo kamar mara lafiya. Kuma a zuciyata duk wannan sunansa ƙauna, ina ma jin daɗin yadda matan coci ke cewa ka yi dacen mata.

Sai safiyar nan ta watan Satumba. Ka miƙa hannu za ka ɗauki wuƙar burodi, hannuna ya riga naka, kamar kullum. Na yanka, na shafa man shanu, na ɗora cuku, na tura maka. Ka daɗe kana kallon farantin, sannan ka ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"Renske, ƙafa na rasa."

Ka cinye burodin tas. Ka tashi za ka wanke farantin, na karɓe shi daga hannunka, shi ma. Da la'asar Wietske ta zo da mota ta tafi da kai gidanta a Harlingen. Na yi wata takwas ina ba kaina labarin butulcinka, ina kuma yanka burodi na mutum biyu ina zuba wa tsuntsaye rabi.

To, ga ni a birnin gasar, bayan awa uku a jirgin ƙasa, cikin rigar 'yan sa-kai mai ruwan ƙwai wadda ta mai da ni kamar kabewa. Ranar farko aka tsayar da ni a ƙofar babban zaure in riƙa nuna hanya. Ko awa biyu ban yi ba na yi ɓarna. Wata mata daga Denmark, Signe sunanta, tsohuwar direbar motar soja, tana hawan gangaren ƙofar a kujerarta mai taya, tana turawa da ƙyar, jijiyoyin wuyanta duk sun fito. Ban tsaya tambaya ba. Na sheƙo a guje na kama kujerar ta baya na ingiza ta har sama, ina haki, ina jiran na gode. Ta juyo da kujerar ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Baiwar Allah," ta ce, "in kina tafiya a titi na zo ta baya na kama ƙafafunki ina taka miki su, za ki gode mini?"

Ashe sau goma take hawan gangaren nan kowace safiya don ta ɗumama hannuwanta, kuma na lalata mata na bakwai. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi kunyar zafi shi ne, muryarta ba ta yi kama da taka ba ko kaɗan, amma kai na ji.

Kafin azahar labari ya kai kunnen Gwaggo Gerda. Ba gwaggon kowa ba ce a wurin, amma haka kowa ke kiranta, har manyan hafsoshi. Tsohuwar nas ce ta soja, shekara saba'in da ɗaya, gajeriya, da takalmin roba da usur a wuya, ita ke riƙe da 'yan sa-kai na tafkin iyo. Na zaci sallamata za a yi. Sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce irina ta fi so, masu ƙaiƙayin hannu, domin rago ba ya koyon komai amma mai ƙaiƙayin hannu yana iya warkewa. Ta ce daga yau na koma ɗaukar kwando.

Ka san aikin ta ɓangarenka, bari in gaya maka shi ta ɓangarenmu. Mu takwas muke jerawa a bayan layuka takwas, kowa da kwandonsa. Mai iyo ya zo ya tuɓe riga, ya cire takalmi, ya cire ƙafa ko hannu, ya zuba a kwando. Da an busa usur sun faɗa ruwa, sai mu ɗauka mu zaga da su gefen da za su fito, mu ajiye a inda mai kaya ya ce, mu ja da baya taku biyu, hannuwa a baya. Shi ke nan. Ba a gogewa, ba a gyarawa, ba a ninke rigar kowa. Gwaggo Gerda ta ce ƙafar mutum ba jariri ba ce da za a rungume ta ana tausayi, ba kuma itacen girki ba ce da za a ja ta a ƙasa. A ɗauke ta a tsaye, takalmi ƙasa, yadda mai ita ke ɗaukarta.

Sannan ta raba mana alewar na'ana'a, fara ƙal, irin wadda iyayenmu mata ke miƙo mana a coci idan fasto ya fara wa'azi don mu yi shiru. Dokarta ke nan, ba ta cikin littafin gasar, tata ce ita kaɗai. Idan ka ga ɗan wasa yana fama da wani abu kuma ba haɗari ba ne, domin haɗari yana da masu ceto da ke zaune a kan dogayen kujeru, sai ka jefa alewa ɗaya a baki. Ba a taunawa. Sai ta narke ƙarƙaf, in har lokacin bai nemi taimako ba, kana da izinin tambaya sau ɗaya tak: kana son hannu? In ya ce a'a, ka sake jefa wata.

Douwe, ranar farko na tauna goma sha ɗaya. Okke, tsohon direban bas ɗin da ke layin kusa da nawa, ya ce ƙarar haƙorana ta sa wani ɗan Italiya ya faɗa ruwa kafin usur. Shi ma Okke ɗin ba tsira ya yi ba: ran Talata ya kai wa wani gajeren ɗan Belgium ƙafar wani dogon ɗan Norway, don takalmansu iri ɗaya ne. Mutumin ya saka, ya miƙe a karkace, ya yi taku uku a gaban jama'a, ya ce ba zai mayar ba, tun yana yaro yake roƙon Allah tsawo. Har masu duba lokaci sai da suka ajiye agogo suka yi dariya. Ni kuwa na tsaya ina mamaki, domin a gidanmu shekara shida ba a taɓa yin wasa da ƙafa ba. Ni na hana, ba da baki ba, da fuska.

Na ɗauki ƙafafu da yawa a makon nan, masoyina. Na ɗauki wadda aka zana wa tutar ƙasa, da wadda wata yarinya ta shafa wa jan farce a yatsun roba don babanta, da wadda ta sha duka har fentinta ya kaɗe saboda mai ita yana hawan duwatsu. Na ga maza suna ɗaukar minti biyar suna fama da robar da ake naɗawa a dungu, tana zamewa, suna zagi da yarensu, suna sakewa, kuma in sun gama sai su miƙe da wata irin fuska wadda ban taɓa bari na gani a gidana ba. Ran Laraba Signe ta zo yin iyo. Saukowa daga kujera zuwa ƙasa ya ba ta wuya, hannunta ya zame, ta faɗi a gefen kwankwaso. Na jefa alewa. Na ji kamar ana yanka ni, amma na tsaya. Ta gyara zama da kanta, ta ɗago ta ga kumatuna a kumbure da alewa, ta tuntsire da dariya. Bayan tserenta ta ciro ƙaramin bajen ƙasarta ta maƙala mini a riga, ta ce na ci jarrabawar aji ɗaya.

A ranar ce na fara hango ka. Kana can ƙaramin tafkin motsa jiki, ka rataya hannuwa a baki, wani abokin iyonka ya faɗi wata magana, ka jefa kai baya ka yi dariya. Dariyar nan, Douwe! Wadda na fara ji a kan ƙanƙarar magudanar bayan makaranta, ranar da ka faɗi a gabana kana nuna gwanintar zamiya a kanta. Na ɗauka ta mutu a can inda aka tura ku, na ma yi mata makoki. Ashe tana nan da ranta, ni ce dai ba ta iya fitowa a gabana. Ta yaya zuciya ɗaya za ta ɗauki murna da kishi da kunya a lokaci guda ba ta fashe ba? Na tsaya da kwandon wani a hannu har Okke ya taɓa ni da gwiwar hannu. Ban lura Gwaggo Gerda na kallona ba.

Ran Juma'a da safe aka kafa jerin aiki a bango. Tseren mita ɗari, zagaye na ƙarshe, layi na shida: sunanka, a gefensa sunana. Na je na sami Gwaggo Gerda na ce a canza ni, cikina ke ciwo. Ta ce akwai bayi a hagu, kuma saura minti arba'in, ya ishe ni. Ta tura mini sabon ƙullin alewa a aljihu ta juya.

Ka fito da sauran, hula a kai, tawul a wuya. Na jira ka razana, ko ka ɓata rai, ko ka nemi alƙali. Ba ka yi ko ɗaya ba. Ka zauna a kujerar layi na shida, ka tuɓe riga ka jefa a kwando a cukurkuɗe, ka danna maɓallin ka zare ƙafar, ka cire safar dungu da robar, ka ɗora. Ka ce, "Takalmi ƙasa," kamar yadda kowa ke cewa, ba ka ko ɗago ba. Na ce to. Rigar nan a cukurkuɗe tana kirana in ninke ta, Allah ya sani, amma na bar ta.

Da aka busa usur na ɗauki kwandon. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ƙafar tana riƙe da ɗumin mai ita. Na ɗauki na mutane da yawa ban kula ba, amma taka, da bakinta ya taɓa hannuna, sai na ji ɗumin jikinka, na farko cikin wata takwas. Na zaga tafkin da ita a tsaye ina tafiya kamar mai ɗauke da kwano cike da madara. Ban ga rabin tserenka ba. Na dai ji zauren ya ɗauka, na ga hannunka na dama yana sara ruwa yadda kake sara itace a bayan gida a dā, na ga ka taɓa bango na biyar. Na biyar cikin takwas, mijina, a gaban duniya! Ban yi ihu ba don an hana mu.

Sauran suka nufi tsani, wasu masu horar da su suka ɗago su. Kai ka iyo zuwa gefe inda na ajiye kwando, ka dafa bakin tafkin da tafuka biyu, ka yunƙura. Hannuwanka sun riga sun ƙare a ruwa. Ka taso har ƙirji, gwiwoyin hannunka suka karye, ka koma. Na jefa alewa.

Ka huta, ka sake. Wannan karon har ka ɗora ciki, sai tayil ɗin nan da na baro gida saboda shi ya yi halinsa, tafinka ya zame, haɓarka ta bugi baki, ka sake komawa ruwa. Na ga ɗan jini a leɓenka. Taku biyu ne tsakanina da kai, Douwe. Taku biyu! Mutane sun fara kallo, mai horar da ku ya taso ka girgiza masa kai. Hannuwana a baya sun kama juna har farcena ya shiga nama, ga shaidar nan har yau. Duk jikina yana cewa je ki, je ki, mijinki ne, wace irin mata ce ke? Alewar tana tsakanin haƙorana na ji ta fara tsagewa, na mayar da ita kan harshe. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba, har da ranar da aka kira ni a waya daga barikinku.

A karo na uku ka fito. Ba kyau a fitowar, ka mirgino kamar kifin da aka jefo kan jirgi, ka kwanta rigingine kana numfashi. Sannan ka tashi zaune ka jawo kwandon. Ka goge dungun da kanka, ka ɗauki robar za ka naɗa, amma ta kuɓuce maka sau ɗaya, sau biyu. Alewar ta zama siririya kamar ɓawon albasa. Ina lissafin saura numfashi nawa in sami izinin tambayata guda ɗaya, sai ka ɗago. Karon farko ka dube ni a ido.

"Renske," ka ce, "riƙe mini bakin nan."

Na durƙusa na riƙe. Bakin kawai, inda ka nuna, ba ƙari. Kai ka naɗa, kai ka ja sabuwar safa, kai ka zura ƙafar har ta yi ƙara. Ka dafa kafaɗata ka miƙe, nauyinka duka ya sauka a kaina na daƙiƙa ɗaya, kuma ban taɓa ɗaukar kaya mai daɗinsa ba. A durƙushe a jiƙaƙƙen tayil ɗin nan na gane cewa cikin shekara shida ba ka taɓa roƙona komai ba, kuma ba girman kai ya hana ka ba. Ban taɓa barin maka wurin da roƙon zai shiga ba.

Ka kwashe kayanka, ka bar tsohuwar safar a gindin kwando, a jiƙe, don tawul ɗinka ya kwanta a kanta. Na ce ka manta safa. Ka ce ba mantawa ka yi ba, jakarka ta cika, in riƙe maka, za ka biyo ta gida ran Litinin ka karɓa. Jakar da na gani da idona rabinta iska ce! Ka juya ka tafi, leɓe na jini, kana ɗan ɗingishi, ban bi ka ba.

Da aka tashi na sami Gwaggo Gerda tana jera kwanduna, na ce mata mugunta ce ta haɗa ni da layi na shida ba ta tambaye ni ba. Ta ce ni ba 'yar wasa ba ce, ba dole a tambaye ni ba. Kai ta tambaya. Tun ran Laraba ta gane, wai ba wanda ke kallon baƙo da irin idon nan, ta je ta same ka a ɗakin cin abinci ta ce akwai wata Algra cikin masu kwando, a nisanta ta da kai ko a bar ta? Ta ce ka daɗe kana juya cokali a kofin gahawa.

"Ya ce a ba ki layinsa," in ji ta. "Ya ce amma a gaya miki kada ki wanke komai."

Na zauna a kan kwando na yi kukan da ban yi ba tun Satumba, Okke yana tsaye a gefe, hannuwa a baya, alewa a baki, ɗan banza.

To ka ji abin da nake gode maka, rabin raina. Na gode da ka san ina wurin tun ran Laraba ba ka tona ni ba. Na gode da ka ɗauki ranar da ta fi kowace girma a wurinka, wadda ka yi watanni kana tashi da asuba dominta, ka sa ta a hannun matar da ka san hannunta ba ya jin magana. Me ya sa ka yarda? Da na sheƙo na cafke ka a gaban ƙasashen nan duka, da na kunyata ka kunyar da ba ta wankuwa, kuma ka san zan iya. Na gode da faɗuwarka biyu da ka bar ni na gani, da fitowarka ta uku da ka bar ni na shaida. Na gode da kalmomi huɗun nan da ka faɗa mini, sun fi mini duk wasiƙun da ka aiko daga bariki, kuma ka san suna cikin akwatin ƙarƙashin gado ɗaure da zare. Kai ne tekun da na yi shekara shida ina gina wa ganuwa, ina mamakin me ya sa ba na jin motsinsa.

Ba zan yi maka alkawarin na warke ba, ƙarya ba ta dace da wasiƙa irin wannan ba. Aji ɗaya na ci, in ji Signe. Hannuna zai sake riga naka wata rana, zan sake amsa tambayar da aka yi maka, zan sake kallon tayil da ido irin na mai gadi. Abin da zan iya alkawari shi ne na sayo alewa ƙulli goma, akwai a aljihun kowace riga, akwai a kicin, akwai a mota. In ka ga kumatuna a kumbure, ka san faɗa nake yi da kaina, kuma kai nake yi wa. Na ciro kekenka daga ɗakin ajiya na jingine shi a bango. Tayoyin sun sace, ban hura ba, famfon yana nan a inda ka saba ajiye shi.

Game da Talata kuwa, ka san abin da tsohuwar Renske za ta yi: da tun jiya ta buga wa ofishin lauyar ta soke, ta zo ta ba ka labari a matsayin albishir. Na ɗauki wayar sau uku, ba zan ɓoye maka ba. Na ajiye sau uku. Lambar tana bayan wannan takarda. In ka buga, kai ka buga. In ba ka buga ba, zan kasance a Leeuwarden ƙarfe goma da rabi cikin shuɗiyar rigar da kake so, in sa hannu a inda aka nuna mini, in ci gaba da son ka daga inda ka ajiye ni. Amma tunda ka koya mini cewa roƙo ba abin kunya ba ne, ga nawa, sau ɗaya tak kamar yadda doka ta ce: ka dawo gida, Douwe. Ba don kana bukatata ba, na ga da idona ba ka bukata. Ni ce nake son hannu.

Yanzu zan hau keke in kai wannan Harlingen da kaina, iska tana bayana, in zura ta ta kafar ƙofar Wietske. Ba zan danna ƙararrawa ba.

Gobe Litinin ƙofa a buɗe take. Burodi yana kan katako, sabo, ba a yanka ba, wuƙar tana gefensa, ƙotarta na kallon kujerarka. Safarka kuma tana rataye a bayan kujerar tun daren Juma'a. Ta bushe ta ƙandare, kicin ɗin duk ya ɗauki warin maganin tafki da na ƙafarka, maƙwabciya ta shigo jiya ta tambaya ko wani abu ya mutu a bayan firji. Sau ɗari na wuce ta gaban injin wanki.

Ban wanke ta ba.

Taka, jiya da yau da duk abin da Talata ta zo da shi, mai riƙe maka amana har numfashinta na ƙarshe, hannuwa a baya,

Renske, mai kwandon layi na shida.